YAƘI DA TARIN FUKA: WA ZAI CI GABA DA BIYAN KUƊIN MAGANI?

A ranar 26 ga watan Afrilu na shekarar 2001 ne Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na wancan zamani, marigayi Kofi Annan, ya miƙe a gaban shugabannin ƙasashen Afirka da suka hallara a Abuja bisa gayyatar Shugaba Olusegun Obasanjo, ya yi kira ga duniya da ta kafa wani asusu na musamman domin yaƙi da ƙanjamau da sauran cututtuka masu yaɗuwa. Ya ce aikin zai ci abin da ya kama daga dala biliyan 7 zuwa 10 a kowace shekara, biliyan ɗaya kuwa shi ne miliyan dubu. Kafin a watse daga wannan taro, su ma shugabannin na Afirka sai da suka ɗaukar wa kansu alkawarin cewa kowace ƙasa za ta riƙa keɓe aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinta na shekara domin kiwon lafiyar jama'arta.

Watau alkawari biyu aka ƙulla a Abuja, ɗaya na baƙi, ɗaya na 'yan gida. Na baƙin ya haifi ɗa mai ido, domin a watan Janairu na 2002 aka kafa Asusun Duniya na Yaƙi da Ƙanjamau da Tarin Fuka da Zazzaɓin Cizon Sauro, aka ajiye hedkwatarsa a birnin Jeniba na ƙasar Suwizalan. Na 'yan gida kuwa, ƙasashe ƙalilan ne suka taɓa cika shi, kuma Nijeriya mai masaukin baƙi ba ta cikinsu, don kason lafiya a kasafin Gwamnatin Tarayya yakan tsaya ne tsakanin kashi 4 zuwa 6. Muddin baƙi na zuba kuɗi wannan giɓi bai cika damun kowa ba. To, daga shekarar 2025 baƙin sun fara tsuke bakin aljihunsu, kuma cikin cututtukan nan uku babu wadda ƙarancin kuɗi ke saurin mayarwa abin tsoro kamar tarin fuka.

CUTA MAI MAGANI

Abin da ya fi ban takaici game da tarin fuka, wanda waɗansu ke kira tibi, shi ne ba baƙuwar cuta ba ce, ba kuma wadda ta gagari likitoci ba. Tun ranar 24 ga Maris na 1882 wani likita Bajamushe mai suna Robert Koch ya bayyana wa 'yan'uwansa masana a birnin Balin cewa ya gano ƙwayar da ke haddasa ta, shi ya sa ma ake tunawa da cutar a wannan rana kowace shekara. A 1921 aka fara yin allurar rigakafin BCG a Faransa, wadda har yanzu ake yi wa jarirai a kafaɗa. Daga shekarun 1940 zuwa na 1960 kuma aka samu magungunan da ke warkar da ita sarai. Wanda ya kamu, idan ya sha ƙwayoyinsa kullum har wata shida, iri huɗu a wata biyu na farko, iri biyu a sauran wata huɗun, to da yardar Allah zai warke ya koma kan sana'arsa.

Amma duk da haka, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mutum miliyan 10.8 ne suka kwanta wannan ciwo, mutum miliyan 1.25 kuma suka riga mu gidan gaskiya. Mai karatu ya raba wannan adadi da kwanakin shekara, zai ga ya haura mutum 3,400 a kowace rana. Da wannan ne tarin fuka ya sake karɓe kambunsa daga hannun annobar korona, ya koma cutar da ta fi kowace cuta mai yaɗuwa kisa a doron ƙasa. Indiya ce ke ɗauke da fiye da rubu'in masu cutar, sai Indunusiya da Sin da Filifin da Pakistan, sannan Nijeriya ta zo ta shida a duniya, ta ɗaya a Afirka, da kusan mutum rabin miliyan a shekara.

Cutar tana bin iska ne. Mai ita ya yi tari a ɗaki ko a cikin mota, na kusa da shi ya shaƙa. Wanda bai samu magani ba yana iya sa wa mutum 5 zuwa 15 a cikin shekara guda, kuma kimanin rabin waɗanda ba a yi wa magani ba mutuwa suke yi. Saboda haka yaƙi da ita aiki ne na nema da bibiya: a nemo mai tarin da ya wuce mako biyu yana rama yana zufa da dare, a gwada kakinsa, a sa shi kan magani, a bi shi har wata shida kada ya bari, a kuma duba iyalinsa. Kowace gaɓa a cikin wannan aiki albashin wani ce, ko man babur, ko wutar lantarkin ɗakin gwaji. Idan kuɗi ya yanke, gaɓar nan ce ke tsinkewa.

ABIN DA YA FARU A NIYU YOK

Duk mai son ya san abin da ke biyo bayan janye kuɗi daga yaƙi da tarin fuka, ba sai ya je wata matalauciyar ƙasa ba. Ya dubi birnin Niyu Yok na Amurka, cibiyar hada-hadar kuɗin duniya.

A shekarun 1970 mahukunta a can suka ga cutar tana ta ja da baya shekara da shekaru, suka ɗauka ta zama tarihi. Birnin kuma ya faɗa cikin matsin tattalin arziki. Sai aka rufe asibitocin ƙirji da dama, aka rage ma'aikatan da ke bin marasa lafiya gida-gida. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba. Da aka shiga shekarun 1980 sai ƙanjamau ta bayyana, marasa muhalli suka yawaita, gidajen yari suka cika maƙil, cutar ta samu wurin miƙe ƙafa. Wani bincike da aka yi a wani asibiti na unguwar Halem a ƙarshen shekarun 1980 ya nuna cewa kusan tara daga cikin kowane mutum goma da aka sallama da magani ba a sake jin ɗuriyarsu ba. A shekarar 1992 kaɗai sai da aka samu masu cutar 3,811 a birnin.

Yawan ba shi ne babban tashin hankalin ba. A nan ya kamata mai karatu ya natsu, domin wannan shi ne ya bambanta tarin fuka da yawancin cututtuka. Idan mutum ya fara shan magani, bayan 'yan makonni tarin yakan lafa, ya ji ƙarfi a jikinsa. In ya bari a nan, ko don ya ga ya samu sauƙi, ko don ya je asibiti an ce magani ya ƙare, to raunanan ƙwayoyin cutar ne suka mutu, masu taurin kan suna nan. Su ne za su hayayyafa, kuma in ciwon ya dawo maganin farko ba zai ƙara yi musu komai ba. Wanda kuma ya shaƙa daga wurinsa, irin mai taurin kan zai ɗauka kai tsaye. A farkon shekarun 1990 kusan ɗaya daga cikin kowane majiyyaci biyar a Niyu Yok yana ɗauke ne da irin da ba ya jin manyan magungunan nan biyu. Har ma'aikatan asibiti da na gidan yari sai da suka kamu. Kafin a shawo kan al'amarin sai da aka kashe fiye da dala biliyan ɗaya, abin da ya ninka ɗan kuɗin da aka yi tattali a baya ninkin ba ninkin.

Irin wannan ta faru a Rasha da maƙwabtanta bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, musamman a gidajen kurkuku, kuma har yau wannan yanki yana cikin inda tarin fuka mai bijire wa magani ya fi katutu. A 1993 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin lamarin gaggawa ga duniya baki ɗaya.

WA KE BIYA?

A kan yi zaton ƙasashe masu arziki ne ke ɗauke da dukan nauyin wannan yaƙi. Ba haka ba ne. Kimanin kashi huɗu cikin biyar na kuɗin da ake kashewa a ƙasashe masu tasowa daga baitulmalinsu yake fitowa. Sai dai kaso mafi tsoka na wannan kuɗi na ƙasashe biyar ne kawai, watau Birazil da Rasha da Indiya da Sin da Afirka ta Kudu. In aka cire su, sauran ƙasashen, musamman na Afirka, taimakon waje ne ƙashin bayan aikinsu. A cikin taimakon na waje kuma, kimanin kashi uku cikin huɗu ta hannun Asusun Duniya yake bi. Ita kuwa gwamnatin Amurka, ban da kasancewarta mafi girman mai zuba kuɗi a Asusun, tana ba da dala miliyan 200 zuwa 250 a shekara kai tsaye ga ƙasashe, galibi ta hannun hukumarta ta raya ƙasashe, USAID, har zuwa farkon 2025.

Shi Asusun ba ya da gona ba ya da rijiyar mai. Duk bayan shekara uku yakan kira taron gidauniya, gwamnatoci da attajirai su yi alkawari, sannan a raba wa ƙasashe gwargwadon nauyin cuta da ƙarancin arziki. A taron birnin Liyon na Faransa a 2019 an tara dala biliyan 14. A na Niyu Yok a 2022 an nemi biliyan 18, daga bisani jimlar alkawuran ta kai biliyan 15.7. Akwai kuma wata ƙa'ida a dokar Amurka da ta ce kasonta ba zai wuce sulusin jimlar abin da aka tara ba, watau sai sauran sun zuba dala biyu kafin ta sa ɗaya. An yi wannan ne don a zaburar da sauran masu bayarwa, amma takobi ne mai kaifi biyu, domin in sauran suka rage, nata ma dole ya ragu.

Game da alkawari kam, duniya ba ta taɓa yin rowa ba. A watan Satumba na 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi taron shugabanni na farko a kan tarin fuka, aka amince za a riƙa kashe dala biliyan 13 a shekara kafin 2022. Ba a kai ko rabi ba a ƙarshen wa'adin. A Satumba na 2023 aka sake zama, maimakon a tambayi inda aka kwana sai aka ɗaga adadin zuwa biliyan 22 a shekara kafin 2027. Abin da aka samu a hannu a wannan shekara ta 2023 dala biliyan 5.7 ne, kashi 26 cikin 100 ke nan na abin da aka ce ana bukata. Kada kuma a ce kuɗin ne ya yi wa duniya yawa. A 2024 ƙasashen duniya sun kashe kimanin dala biliyan 2,700 a kan soja da makamai, watau biliyan 22 ɗin nan kuɗin kwana uku ne kacal.

ANA KUKAN TARGAƊE

A ranar 20 ga Janairu na 2025, ranar da aka rantsar da shi a karo na biyu, Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin dakatar da taimakon da Amurka ke bai wa ƙasashen waje har kwana 90, ya kuma ba da sanarwar ficewar ƙasarsa daga Hukumar Lafiya ta Duniya. A watan Maris Sakataren Harkokin Waje Marco Rubio ya bayyana cewa an soke kashi 83 cikin 100 na ayyukan USAID, a farkon Yuli kuma aka rufe hukumar, aka mayar da abin da ya saura ƙarƙashin ma'aikatarsa. Tun a watan Maris ɗin Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kukan cewa a ƙasashen da cutar ta fi yawa ana sallamar dubban ma'aikata, jigilar kaki zuwa ɗakunan gwaji ta tsaya, safarar magunguna kuma ta rikice.

Ba Amurka kaɗai ba ce. A watan Fabrairu na 2025 Ingila ta ce za ta rage taimakon waje daga kashi 0.5 zuwa 0.3 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa kafin 2027, domin ta ƙara wa harkar tsaro. Faransa da Jamus ma sun rage. A tsakiyar shekarar Asusun Duniya ya ga alkawuran da aka yi masa ba duka za su iso ba, ya zabtare kimanin dala biliyan 1.4 daga abin da ya riga ya keɓe wa ƙasashe. Da aka zo taron gidauniya na takwas a Johannasbag ranar 21 ga Nuwamba, 2025, an sake neman biliyan 18, amma alkawarin da aka ji a wannan rana biliyan 11.34 ne. Amurka ta ambaci biliyan 4.6 a maimakon 6 na baya, Ingila fam miliyan 850 a maimakon fam biliyan ɗaya.

Gaskiya ɗaya ce, mai abu shi ke da iko da abinsa, kuma talakan Amurka da ke biyan haraji yana da hakkin ya tambayi dalilin da zai sa ya yi shekara ashirin yana sayen maganin ƙasar da ke haƙo man fetur. Wannan tambaya ce da ta kamata mu ji kunyarta. Inda laifin yake shi ne yadda aka yi abin, dare ɗaya, ba sanarwa ba wa'adi. Hanya ko gada in aka dakatar da ita tana jira a dawo. Wanda yake wata na uku a kan magani ba ya iya jira. Ita kuma ƙwayar cutar ba ta neman biza kafin ta hau jirgi, kuma a Amurka kanta masu tarin fuka sun haura 10,000 a 2024, adadin da aka yi fiye da shekara goma ba a gani ba.

HALIN DA MUKE CIKI A NIJERIYA

Abin ya zo wa ƙasar nan ne a daidai lokacin da aka fara ganin haske. Shekara da shekaru babbar matsalarmu ita ce mafi yawan masu cutar ba a san da su ba, suna gida suna shan jiƙe-jiƙe da maganin tari na kemis, waɗansu ma ana cewa sammu ne. A 2019 kimanin mutum 120,000 kawai aka gano. Hatta a 2020, lokacin da korona ta sa waɗanda aka gano a duniya suka faɗo daga miliyan 7.1 zuwa 5.8, Nijeriya tana cikin 'yan ƙasashen da nasu adadin ya ƙaru. Ya zuwa 2023 an gano fiye da 360,000, ninki uku ke nan cikin shekara huɗu. Wannan abin a yaba wa Shirin Ƙasa na Yaƙi da Tarin Fuka da Kuturta ne, da ma'aikatan da cibiyar horaswa ta Saye kusa da Zariya ta daɗe tana yayewa.

To, amma da kuɗin wa aka yi? Injin GeneXpert da ke gano cutar cikin kamar awa biyu, har ya faɗi ko irin mai taurin kai ce, da motocin ɗaukar hoton ƙirji da ke shiga kasuwanni da unguwanni, da 'yan babur masu kwasar kaki daga ƙananan asibitoci zuwa inda injin yake, da su kansu ƙwayoyin da ake bayarwa kyauta, galibinsu kuɗin waje ne. Asusun Duniya ya keɓe wa Nijeriya dala miliyan 933 domin cututtukan nan uku daga 2024 zuwa 2026, tun kafin zabtarewar da aka ambata. A farkon shekarun 2020 alƙaluma sun nuna cewa kusan kashi 70 cikin 100 na abin da shirin tarin fuka ke bukata ba a samunsa daga ko'ina, abin da gwamnati ke sawa daga aljihunta kuwa bai kai kashi 10 ba. Zanen aro, in ji masu iya magana, ba ya rufe katara.

Sauran nauyin a kan majiyyaci yake faɗawa. Magani kyauta ne, amma kuɗin mota zuwa asibiti ba kyauta ba ne, haka abinci, haka watannin da magidanci zai yi bai fita nema ba. Wani bincike na ƙasa da aka yi a 2017 ya gano cewa kashi 71 cikin 100 na gidajen da cutar ta shiga, abin da take cinye musu ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na samunsu na shekara. Yunwa kuwa ita ce babbar ƙawar tarin fuka. A jihar Jarkan ta Indiya an gwada bai wa iyalan majiyyata ɗan kwandon abinci kowane wata, sakamakon da aka bayyana a 2023 ya nuna masu kamuwa a cikinsu sun ragu da kusan kashi 40. Shinkafa da wake ke nan suka yi aikin allura.

A watan Fabrairu na 2025 Majalisar Tarayya ta ƙara kuɗin da ya kai dala miliyan 200 a kason lafiya domin cike gurbin da Amurka ta bari. Mataki ne mai kyau, kuma ya nuna ashe in an ga uwar bari ana iya samo kuɗin. Sai dai duk wanda ya san aikin gwamnati ya san rubuta kuɗi a kasafi daban, sakinsa daban, kuma cututtuka da yawa ne za su raba wannan kuɗi. A kasafin 2024 da na 2025 abin da aka keɓe wa biyan bashi ya ninka na lafiya fiye da sau biyar. Gwamnatocin jihohi ma, waɗanda kasonsu daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai tun bayan janye tallafin man fetur a 2023, ba su da sauran hujjar zura ido suna jiran Abuja ko Jeniba su biya ɗan babur mai kai kaki ɗakin gwaji.

SABBIN MAKAMAI

Akwai wani ɓangare da ba a cika ambata ba, shi ne kuɗin bincike. Da yake tarin fuka ciwon talaka ne, kamfanonin magunguna ba su ga riba a cikinsa ba, shi ya sa aka yi shekara 40 ba a samu sabon magani ba sai a ƙarshen 2012 da aka amince da bedakwilin. A da, mai irin da ba ya jin magani sai ya yi wata 18 zuwa shekara biyu yana sha, da allurai masu kurmantar da mutum, kuma duk da haka da yawa ba sa tashi. Daga 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin ƙwayoyi na wata shida, babu allura, wanda ke warkar da kusan tara cikin goma. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin nan, firetomanid, wata ƙungiya ce da ba ta neman riba ta samar da shi da gudummawar gwamnatoci da gidauniyoyi.

Allurar BCG kuwa, wadda ta haura shekara ɗari, tana kare ƙananan yara daga mummunan nau'in cutar, amma ba ta yi wa manya abin kirki, alhali manya ne ke yaɗa ta. Akwai wata sabuwa mai suna M72 da ta nuna kariya ta kusan kashi 50 a gwajin farko, aka kuma fara babban gwajinta a Afirka ta Kudu a watan Maris na 2024. Dala miliyan 550 da aka tanada domin wannan gwaji ba daga wata gwamnati suka fito ba, Gidauniyar Gates da ta Wellcome ce suka ɗauki nauyi. Shugabannin duniya sun yi alkawarin dala biliyan 5 a shekara domin bincike, abin da ake samu bai wuce biliyan ɗaya da 'yan kai ba, kuma gwamnatin Amurka ce ta kasance mafi girman mai ba da shi.

Kuɗin da Asusun Duniya ya keɓe wa Nijeriya a wannan zagaye wa'adinsa ƙarshen Disamba na 2026 ne. Zagayen da ke biye, na 2027 zuwa 2029, daga abin da aka tara a gidauniyar Johannasbag za a yanka shi, kuma Asusun yana gindaya wa kowace ƙasa sharaɗin ta ƙara nata kason kafin ta karɓi nasa cikakke.